Daga Zariya Zuwa Kafin Hausa: Yadda Jami'a Ta Riƙa Sauya Kama a Idon Mutanen Ƙasar Haɗeja

Gabatarwa

Ni mutumin fadamar Baturiya ne, a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta masarautar Haɗeja, kuma na shafe shekara talatin da biyar ina aikin koyarwa kafin na ajiye alli. A tsawon wannan lokaci babu tambayar da iyayen yara suka fi yi mini kamar wannan: "Malam, idan yaron nan ya gama, ina za shi?" Amsar da nake bayarwa a ƙarshen shekarun 1970 daban take da wadda na riƙa bayarwa a shekarun 1990, ita ma kuma daban take da wadda ƙannenmu malamai ke bayarwa a yau. Dalili kuwa shi ne, ita kanta jami'ar ba ta zauna a kama ɗaya ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin waɗannan sauye-sauye kamar yadda suka shafi mutanen ƙasar Haɗeja. Mai karatu zai ga cewa abubuwa biyu ne suka riƙa juya akalar jami'a a ƙasar nan. Na farko, yawan ɗalibai da irin karatun da suke nema. Na biyu, matsin da ke zuwa daga waje, wato na gwamnati da na kuɗi da na siyasa. A ƙarshe zan kawo wata buƙata ta uku, wadda a ganina har yanzu ba a ba ta haƙƙinta ba.

Lokacin da Jami'a Take Neman Ɗalibai

Sanin kowa ne ƙasar Haɗeja ta daɗe da shahara wajen karatun Alƙur'ani, domin tsangayunta da alarammominta sanannu ne a duk ƙasar Hausa. Karatun boko kuwa bai shigo ba sai bayan da Turawa suka ci garin Haɗeja da yaƙi a shekarar 1906, kuma ko da ya shigo tafiyar hawainiya ya yi. Yaro kan fara da elementare ta En'e, idan ya yi sa'a a tura shi midil a Kano, kasancewar Haɗeja tana cikin Lardin Kano. 'Yan ƙalilan ne kan wuce zuwa Kwalejin Katsina wadda aka kafa a 1921. Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun a 1948, ga mutanenmu labari ne kawai na wata duniya.

Bayan rahoton kwamitin Ashby na 1960, gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ta kafa jami'a a Zariya, aka buɗe ta ranar 4 ga Oktoba, 1962. Ta fara da ɗalibai 426, amma 147 ne kawai 'yan Arewa daga cikinsu. Ga jami'a an gina, ga malamai an ɗauko daga Ingila da wasu ƙasashe, amma 'yan ƙasar da aka gina ta dominsu ba su da takardun shiga, saboda makarantun sakandare kaɗan ne, masu ajin gaba da sakandare kuwa sun fi ƙaranci.

A nan ne jami'a ta yi sauyinta na farko. Maimakon ta zauna jiran makarantu su gyaru, sai ta sauko ta tari ɗaliban a hanya. A zamanin shugabancin Dokta Ishaya Audu, daga 1966 zuwa 1975, aka kafa Makarantar Share Fage a cikin jami'ar, inda ake ɗaukar wanda ya gama sakandare a horar da shi har ya cancanci shiga karatun digiri. Cibiyar Koyon Aikin Mulki da ke Kongo ta ci gaba da ba ma'aikatan En'e da alƙalai horo da difloma. A Kano kuma, Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta tsiro daga Makarantar Nazarin Larabci a 1960, ta buɗe ƙofa ga waɗanda tushen karatunsu Larabci ne da addini. Wannan ƙofa ta yi wa mutanen ƙasarmu amfani ƙwarai, don kuwa ta nan ne 'ya'yan malamai da dama suka samu digiri, alhali da ta hanyar boko zalla ce da ba su kai ba.

Akwai matsin waje da ya gaggauta wannan sauyi. Rikicin 1966 ya sa ma'aikata da yawa 'yan kudu sun bar Arewa, sannan a 1967 aka ƙirƙiro jihohi 12, ciki har da Jihar Kano wadda Haɗeja ta faɗa a cikinta. Kowace sabuwar jiha tana neman akawu da malamai da injiniyoyi da likitoci nata na kanta. A wancan zamani wanda ya gama digiri aiki ne ke jiran sa, wani lokaci har da gida da rancen mota.

Lokacin da Ɗalibai Suka Fi Gurabe Yawa

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya juya al'amarin. A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓe jami'o'in jihohi, har da ta Zariya, ta kuma kafa sababbi guda bakwai. Daga cikinsu akwai ta Maiduguri da ta Sakkwato, da kuma ta Kano wadda ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero a 1977, Dokta Mahmud Tukur yana shugabanta na farko. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. Na tuna yadda a ƙauyukan fadama aka riƙa karatu a gindin bishiya saboda ajujuwa ba su isa ba. Waɗannan yara su ne bayan shekara goma sha biyu suka taru a ƙofar jami'a.

Gwamnati ta kafa hukumar JAMB a 1978 domin ta tsara ɗaukar ɗalibai a wuri ɗaya. Daga baya aka fito da tsarin rabon gurabe a jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a fannin ilmi. Haka kuma aka buƙaci kashi 60 na ɗalibai su kasance a fannin kimiyya, 40 a sauran fannoni. Jihar Kano ta amsa wannan kira tun 1977 da makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka ƙara wasu, ciki har da ta maza a Kafin Hausa da na mata a Taura da Jahun. Likitoci da injiniyoyi da yawa na wannan yanki daga waɗannan makarantu suka fito.

Sai dai daɗin bai daɗe ba. Ƙarin kuɗin abinci da na masauki a 1978 ya haddasa zanga-zangar ɗalibai a kan kwamishinan ilmi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980 sai aka janye ciyar da ɗalibai. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta zube, sayen littafi ko kayan ɗakin gwaji daga waje ya gagara, albashin malamin jami'a ya kasa kai shi ƙarshen wata. Turawa da Indiyawa da 'yan Ghana da ke koyarwa suka kama hanya, 'yan ƙasa da dama su ma suka bi su zuwa Amurka da Ingila da Saudiyya.

Masu iya magana kan ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Jami'o'i suka shiga neman kuɗin shiga da kansu, ta hanyar kwasa-kwasan difloma da karatun yamma da na ƙarshen mako, da kamfanonin ba da shawara. Wasu suka buɗe rassa barkatai a garuruwa masu nisa, har sai da gwamnati ta rufe irin waɗannan rassa a 2001 saboda lalacewar inganci. Su kuma malamai, ta bakin ƙungiyarsu ta ASUU wadda aka kafa a 1978, suka ɗauki hanyar yajin aiki. Yajin aikin 1992 ne ya haifar da dokar 1993 wadda ta ɗora wa kamfanoni harajin ilmi na kashi 2 cikin ɗari na ribarsu. Wannan asusu shi ne ya zama TETFund a 2011, kuma duk wanda ya shiga sababbin jami'o'inmu zai ga sunansa a jikin gine-gine da yawa.

Jami'a da Malamin Makaranta

Ya kamata in tsaya kaɗan a kan mu malamai, domin babu rukunin da sauye-sauyen nan suka taɓa kamar mu. Lokacin da na fara aiki, mai takardar malanta mai daraja ta biyu babban mutum ne a ƙauye. Shi ne hedimasta, shi ke karanta wa dagaci wasiƙa, shi ke rubuta wa manoma takardar koke. Amma Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta nuna cewa nan gaba takardar NCE ce za ta zama mafi ƙarancin abin da malami zai riƙe. Sannu a hankali aka rufe kwalejojin horon malamai na da, sai muka wayi gari takardarmu ta tsufa a hannunmu.

Dubban malamai masu iyali, waɗanda ba za su iya barin aiki su koma aji ba, suka zama wata sabuwar buƙata. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1976 ta ɗauki nauyin karatu daga gida. Kwalejin Ilmi ta Gumel ta zama mafakarmu ta kusa. Jami'o'i kuma suka shirya karatun dogon hutu, inda malami zai koyar a zangon karatu, idan an yi hutun damina ya je ya zama ɗalibi. Ta wannan hanya na samu digirina ina da 'ya'ya biyar.

Ba zan manta da wahalar wannan karatu ba, don dogon hutu yana faɗowa ne daidai lokacin da ruwa ke cika fadama. Akwai shekarar da sai da na shiga kwalekwale, littattafaina a cikin leda a ɗaure a ka, kafin na kai inda zan samu mota. Gonata ta shinkafa kuwa ƙanena na bar wa. Duk da haka, da jami'a ta tsaya a kan cewa sai mai iya zaman shekara huɗu cur ne ɗalibi, da ni da ire-irena mun yi ritaya ba mu taka matakin da muka taka ba. Wannan hanya ce Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ta faɗaɗa, wadda Shugaba Shehu Shagari ya kafa a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a zamanin Shugaba Obasanjo.

Jami'a Ta Matso Gida

An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, amma sai da ta yi shekara ashirin babu jami'a ko ɗaya a cikinta. 'Ya'yanmu suka ci gaba da cin layi a Kano da Zariya da Maiduguri da Sakkwato, inda masu nema suka ninka gurabe. Na sha ganin yaro mai ƙoƙari ya rubuta jarrabawar JAMB sau uku, a ƙarshe ya haƙura ya koma su ko acaɓa. Ga 'ya'ya mata abin ya fi tsanani, domin iyaye da yawa ba sa yarda 'yarsu ta yi nisa da gida.

A 2011 gwamnatin Shugaba Jonathan ta kafa sababbin jami'o'in tarayya guda tara, ɗaya a Dutse, Farfesa Jibrila Dahiru Amin ya zama shugabanta na farko. A 2013 aka ƙara uku, ɗaya daga ciki a Gashuwa ta Jihar Yobe, wadda take maƙwabciyarmu ta ruwa. A wannan shekara ta 2013 kuma gwamnatin Alhaji Sule Lamido ta kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa, a cikin masarautar Haɗeja, ƙarƙashin shugabancin Farfesa Abdullahi Yusuf Ribadu, wadda daga baya aka sa mata sunan Sule Lamido. A 2021 aka samu Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura da Jami'ar Khadija mai zaman kanta a Majiya. Wato a cikin shekara goma, yaron da kakansa bai san hanyar Badun ba, mahaifinsa kuma ya sha wahalar hanyar Zariya, ya samu jami'ar da zai iya zuwa da safe a kai masa garin tuwo da yamma. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yawan 'yan matan da nake gani yanzu da digiri a garuruwan da a da ko sakandare ba sa gamawa.

Amma kusanci bai kawar da matsin waje ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, alhali akwai makarantunmu na karkara da ɗalibi kan gama bai taɓa dora yatsa a kan kwamfuta ba. A 2020 annobar korona da yajin aiki na kusan wata tara suka haɗu suka cinye shekara guda. A 2022 aka sake wani yajin daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ɗana na uku ya shiga karatun shekara huɗu, bai fito ba sai a ta shida. Bayan cire tallafin man fetur a 2023 jami'o'i da yawa suka ninka kuɗin rajista, gwamnati kuma ta kafa asusun ba ɗalibai rance na NELFUND wanda ya fara aiki a 2024. A 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta har tsawon shekara bakwai, bisa hujjar cewa sun yi yawa, wasu ba su da isassun ɗalibai da malamai.

Buƙatar Ɗalibi da Buƙatar Ƙasa

Idan aka duba abin da ɗalibai ke nema, za a ga shi ma ya yi ta sauyawa. A zamaninmu aikin mulki da shari'a da malanta ne abin so. Daga baya aka koma lissafin kuɗi da aikin banki. Yanzu likitanci da aikin jinya da kimiyyar kwamfuta ne kan gaba, saboda su ake ganin suna da aiki a gida ko a waje. Jami'o'i suna bin wannan buƙata, suna buɗe sassan da ɗalibai ke rububi, an kuma wajabta darasin koyon sana'a da dogaro da kai, tun da gwamnati ta daina iya ɗaukar kowa aiki. Fannin aikin gona da na malanta kuwa sau da yawa sai wanda ya rasa zaɓinsa na farko ake turawa can.

A nan ne nake ganin giɓin da na ambata tun farko. Mu mutanen fadama rayuwarmu a kan ruwa take: shinkafa idan ya cika, kamun kifi idan ya tsaya, noman rani da kiwo idan ya janye. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, tafiyar kogin Haɗeja ta sauya. Ambaliyar damina da ke shayar da fadama ta ragu, ruwan da ake saki da rani kuma ya sa ciyawar kacala ta samu wurin zama. Kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Wasu garuruwa ruwa ya yi musu yawa, wasu ya ƙaurace musu. Ga kuma ambaliya mai ɓarna irin ta 2020 da ta 2022.

Ba a ce masana ba su taɓa waiwayar mu ba. Michael Mortimore, wanda ya koyar da labarin ƙasa a Zariya da Kano, ya yi shekaru yana nazarin yadda mutanen Dagaceri ta ƙasar Birniwa suka jure wa fari. Shirin Kiyaye Dausayin Haɗeja da Nguru da aka fara a 1987 ya jawo masana daga jami'o'in Ingila da na gida, kuma bincikensu ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi kawo amfani a kan irinsa da aka tsare don manyan ayyukan ban-ruwa. A 2008 aka sanya dausayin Baturiya, mai faɗin hekta fiye da dubu 100, cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai su yi hunturu a nan. A 2020 Shugaba Buhari ya amince a mai da shi gandun daji na ƙasa. Jami'ar Bayero ta kafa Cibiyar Nazarin Noma a Busasshiyar Ƙasa a 2012, jami'ar Dutse kuma tana da sassan nazarin kifi da na gandun daji.

Abin da na lura da shi shi ne, mafi yawan wannan bincike kuɗin waje ne ke ɗaukar nauyinsa, idan kuɗin ya ƙare aikin ya tsaya. Sau da yawa ɗalibai kan zo da takardun tambayoyi, mu tara musu masunta da manoma su amsa, su tafi, ba mu sake jin abin da aka gano ba, don an rubuta shi da Turanci an ajiye a kanta. Alhali kuwa sarkin ruwa na kowane gari a nan ya san abin da babu shi a littafi game da kifi da hanyoyin ruwa.

Kammalawa

Tarihin da na bibiya ya nuna cewa jami'a a ƙasar nan tana iya sauyawa idan an matsa mata. Da ta rasa ɗalibai ta kafa share fage. Da malamai suka buƙaci digiri ta buɗe karatun hutu. Da kuɗi ya yanke ta nemi wasu hanyoyi, masu kyau da marasa kyau. Da jama'a suka koka da nisa aka kawo ta Dutse da Gashuwa da Kafin Hausa. Buƙatar ɗalibi tana da murya saboda shi ke biyan rajista, ta gwamnati tana da murya saboda ita ke biyan albashi. Buƙatar fadama ce ba ta da mai faɗa mata.

A shekarar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabon tsarin manhaja wanda ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Wannan dama ce. Garin Kafin Hausa sunansa ne a kan wani reshe na kogin Haɗeja, Gashuwa kuma a bakin ruwan take. Ya kamata dattawa da sarakunanmu da wakilanmu su nemi a cike wannan gurbi da ilmin ruwa da kifi da noman fadama da yaƙi da kacala, a kuma riƙa dawo mana da sakamakon bincike cikin harshen da manomi zai fahimta.

Mu kuma malaman makaranta namu aikin yana cikin aji. Mu ne muke cika wa yara takardun neman gurbi, mu ne suke tambaya wane fanni za su zaɓa. Idan muka ci gaba da nuna musu cewa aikin gona da nazarin ruwa karatun wanda ya rasa ne, to haka jami'a za ta ɗauke su. Idan kuwa hazikan yaranmu suka fara neman waɗannan fannoni da kansu, tarihin shekara sittin da suka wuce ya nuna cewa jami'a za ta bi su. Allah Ya sa mu dace.